Safiyar da aka tsayar da tasin Ilya Buzu

Daminar bana ce ta cika shekara ashirin da huɗu da 'yan sanda suka kashe abokina Ilyasu a bakin titi, tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. A gadon asibiti ya cika, amma na ce kashe shi aka yi, domin ina wurin, a gabana aka yi.

Ilya Buzu ake ce masa. Mahaifinsa daga wajen Agadas ya zo Kano yana saurayi, ya yi gadi a gidan wani ɗan kasuwa har ƙarfinsa ya ƙare. A Gyaɗi-Gyaɗi aka binne cibiyar Ilya, firamare ɗaya muka yi da shi, kuma Kanancin bakinsa ya fi nawa kauri. Bai taɓa taka Agadas ba. Amma ya gaji tsayin ubansa da hasken fatarsa, ranar da tsohon ya rasu kuma ya ɗauki shuɗin rawaninsa ya naɗa, irin naɗin nan da ke rufe baki. Tun daga ranar bai ƙara fita babu shi ba. Tasi yake tuƙawa, ni kuma ina koyarwa a wata firamare a Tarauni, don haka kowace safiya kujerar gaba tawa ce.

A lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba. Ilya ya sha rana a layin zaɓe, ya dawo yana nuna mana tawadar babban yatsansa kamar wanda aka ba lambar yabo. Yakan ce mini, "Malam Sani, mulkin farar hula fa aka shiga. Yanzu ko ɗan sanda sai ya ce maka don Allah." Sai dai a shekarun ne 'yan fashi suka addabi manyan hanyoyi, gari ya ɗauka cewa baƙi ne daga Chadi da Nijar. Duk mai farar fata da rawani ya zama abin kallo da gefen ido.

Ranar an kwana ana ruwa. Mu biyu ya ɗauko: ni a gaba, a baya kuma Inna Dije, wata dattijuwar unguwarmu mai sayar da dafaffen zogale, da robarta a cinya. Muka tarar da shingen 'yan sanda, ganguna da katako mai ƙusoshi. Motocin gabanmu duk hannu aka ɗaga musu suka wuce. Da wani sajan ya leƙo ya ga fuskar Ilya, sai ya buga marfin mota ya ce a faka.

Ilya ya fito da lasin da takardun mota a hannu. Sajan ko kallonsu bai yi ba.

"Daga ina ka shigo?"

"Daga Gyaɗi-Gyaɗi, yallaɓai. Gidanmu na bayan masallacin can."

"Ƙasarku nake tambaya."

"Nan aka haife ni, yallaɓai."

"Ku ne masu tare hanya kuna yanka mutane, gari ya waye ku zama direbobi. Kwance tsumman nan."

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, da Hausa mai kyau sajan ya faɗi wannan, Hausa irin tawa. Ilya ya ce, "Na mahaifina ne. Zan sauke ka ga fuskata, amma ka bari in yi da hannuna." Yana ɗaga hannu, wani kofur da ke bayansa ya kama jelar rawanin ya fizga. Rawanin ya shaƙe masa wuya, ya tafi da baya zai faɗi, hannunsa ya kai ga abin da ya fi kusa, wato rigar sajan. Maɓalli ya tsinke.

A kan maɓallin nan suka rufe shi su huɗu. Sajan ya juya bindiga ya dinga zabga masa gindinta a haƙarƙari, ina jin ƙarar kamar ana karya busasshen kara. Da ya faɗi suka koma sa ƙafa, ciki da baya da fuska. Kofur ɗin bai saki rawanin ba, da shi ya ja shi a ƙasa har kansa ya bugi bakin kwalbati, jini ya gauraya da ruwan da ya kwanta a kwalta. Na fito ina cewa na san shi, ni malamin makaranta ne. Ban rufe baki ba kulki ya same ni, na tofar da haƙorana biyu a tafin hannu. Giɓin na nan har gobe.

Inna Dije ce ta tsayar da su. Ta watsar da robar zogalenta, ta ratsa tsakaninsu, ta kwanta a kan Ilya da jikinta duka. Ta ce, "To ku haɗa da ni, 'ya'yan nan. Ni na yi wa uwarsa wankan jegonsa, ku haɗa da ni." Kafin nan 'yan acaɓa sun fara taruwa. Sai suka ɗaga ta gefe, suka jefa shi bayan motarsu kamar buhu, suka tafi caji ofis.

Ni da mai unguwa da wasu dattawa muka wuni a ƙofar ofishin. Ba su ba mu shi ba sai bayan la'asar, da ya fara aman jini. A asibiti likita ya ce saifarsa ta fashe, karyayyen haƙarƙari kuma ya huda huhu. Washegari ya farfaɗo na ɗan lokaci, matarsa Hauwa na riƙe da hannunsa. Ya dube ni da ido ɗaya, ɗayan ya kumbura ya rufe, ya ce, "Malam Sani, ka gaya musu fa ni ɗan nan ne." Kafin azahar ya cika.

A takardarsu suka rubuta cewa ya yi yunƙurin ƙwace bindiga. Muka yi ta zarya, ana ce mana ana bincike, har muka ji an yi wa sajan canjin wurin aiki. Shekaru bayan haka na gan shi a kasuwa cikin farar kaftani yana taya tumatir. Muka haɗa ido, bai gane ni ba. Na tsaya ina kallonsa har ya gama cinikinsa ya tafi.

Nakan tambayi kaina me Ilya zai ce da ya ga Kanon yau. Tasi irin tasa ta ɓace, adaidaita sahu ta cika titi. Zai yi murnar ganin kowane matashi da waya a hannu, domin yau da wuya a yi irin wannan duka ba wanda ya ɗauka. Amma zai tarar tambayar nan ta "ƙasarku nake tambaya" ba ta mutu ba, masu amsa ta kawai take sauyawa. Shekarun tashin bama-bamai mai tsagar Barebari ne ake saukewa daga mota. Yau Bafillace ne, in an gan shi da malafa da sanda. Ɗan Ilya, Aminu, wanda yake rarrafe lokacin, yanzu yana gyaran firji a Unguwar Gano. Fuskar ubansa ce sak. Ba ya naɗa rawani, kuma katin ɗan ƙasa ba ya barin aljihun gaban rigarsa ko masallaci zai je. Uwarsa ce ta sa shi ya yi mata wannan alkawari.

Na koyar da yara da suka shiga aikin ɗan sanda, wasunsu mutanen kirki ne, suna zuwa gaishe ni da salla. Duk wanda ya zo sai na ba shi labarin nan, in ce ya kalli takardun da aka miƙa masa kafin ya kalli fatar mai miƙawa.

Ilya ba waliyyi ba ne. Yana da gardama, yana da yawan danna hon, kuma bai bar gida ko fili ba. Na daɗe ina ganin abin da ya rage nasa bai wuce Aminu da kabari ba. Sai watan jiya, bayan sallar Juma'a, wani magidanci mai gemu ya tare ni ya tambaya ko ni ne abokin Ilya Buzu. Ya ce wata damina ruwa ya cinye hanyar unguwarsu, uwarsa na naƙuda, duk masu mota suka ƙi shiga sai Ilya. Ba su kai asibiti ba, a kujerar baya ta haife shi. Na tambaye shi sunansa. Ya ce Ilyasu, kuma ɗan farinsa ma sunan ya sa masa.

Allah ya jiƙan Ilya, ya bi masa haƙƙinsa a inda ba a canjin wurin aiki.