Hangen Nesa

Babbar 'yata ni na kulle ta a ɗaki da hannuna. Ina koyarwa a firamare a Gwarzo, kuma a lokacin gani nake wasan ƙasa bai kamaci 'yar malama ba. Daga makaranta sai littafi, in ta gaji in miƙa mata wayata. Tana shekara bakwai ta fara matse ido in za ta kalli allo. Muka je asibiti a Kano, muka dawo da tabarau mai kauri.

Maƙwabta suka yi ta yaba ta. "Kai, likita guda!" Ni kuwa raina ƙuna yake, domin likitan bai ɓoye mini ba. Ya ce idon yaro yana son hasken waje. Na babbar ba zai koma yadda yake ba, amma ƙanwarta mai shekara huɗu in bar ta ta yi wasa a fili, ko awa biyu ne kullum.

Na sake ta kuwa. Da yamma ƙofar gida, ranar hutu kuma Garo, wajen mahaifiyata, wadda har yau take kora awakinta bayan gari. Yarinya ta yi baƙi ƙirin, ƙafa duk kaushi, zani duk ƙarangiya.

Yayar mijina ta zo takanas. "Malama, da iliminki za ki mai da 'ya mace makiyayiya? Wallahi ba ki da hangen nesa."

Na ce, "Yaya, ai shi nake nema mata. Na hana ɗaya, ba zan hana biyu ba."

Ta daɗe tana amsa gaisuwata a daƙile. Ban ba ta haƙuri ba, kuma ba ni da niyya.

Bara, da za a ɗauki azumi, muka fita duban wata a Garo bayan magariba. Ƙaramar ta riga kowa. "Ga shi can, saman ɗorawa!" Siriri ne, kamar yankan farce.

Babbar ta cire tabarau, ta goge da gefen hijabi, ta mayar. "Umma, ina?"

Na dafa kafaɗarta, na nuna mata da yatsa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ta gani. Na san don ni ta faɗa.