Makullinmu a Ƙofar Mai Malafa

Shekarar da na haifi ɗiyata ta fari muna zaune a Silver Spring, a hawa na uku na wani dogon bene mai bango kamar kwali. In maƙwabci ya yi atishawa sai ka ji kamar ka ce masa yarhamukallah. A shekarar ce maigidana ya sayo akwatin intanet marar waya, baƙi mai ƙaho biyu, ya ɗora shi a kan teburin falo ya hana kowa taɓawa. Kowa ɗin nan kuwa ni ce kaɗai.

Maigidana ɗan jarida ne, mutumin kirki, amma Allah ya jarabce shi da son a ce ya iya na'ura. Ko kwan fitila ya canja sai ya ja da baya ya tsaya yana kallonsa, hannu a ƙugu. Da ya jona akwatin ya buɗe kwamfuta ya ga intanet ta kawo, ranar har abinci sai da na kira shi sau biyu.

Ana saura kaɗan azumi mahaifiyata ta iso daga Gusau don zaman jego. Inna ba ta ga abin burgewa a Amurka ba. Ta ce gari ne da kowa ya rufe ƙofa kamar ana bin sa da sanda, kuma ruwan wankan jegonsu bai isa ya ƙona ko kiyashi ba. Abu ɗaya ta yaba, kwamfuta. Kowace safiya nakan kunna mata tafsirin malaman gida, ta miƙe ƙafa a kan kafet, jaririya a cinya, carbi a hannu, tana gyaɗa kai. Ta ce in dai akwai wannan, azumin baƙunta ba zai yi mata nauyi ba.

Mutum ɗaya ta samu na gaisawa a benen, maƙwabciyarmu ta jikin bango. Tsohuwa ce baƙar fata 'yar ƙasar, mijinta ya rasu, ita kaɗai take zaune. Duk Lahadi takan fito za ta coci da wata faffaɗar hula, shi ya sa Inna ta raɗa mata Mai Malafa. In sun haɗu a baranda Inna ta zuba mata gaisuwa da Hausa, har da ya gajiya da ya iyali, ita kuma ta mayar da Turanci, kowa ya tafi ya gamsu.

Farkon azumi maigida ya dawo daga aiki da fuskar mai babban labari. Wai a ofis an ce duk wanda ya bar akwatinsa a buɗe, wani zai iya faka mota a ƙasan bene ya yi aika-aika da layinsa, 'yan sanda su zo su ƙwanƙwasa ƙofar mai akwatin. Ya naɗe hannun riga, ya zauna gaban kwamfuta, ya yi ta danne-danne har aka kusa shan ruwa. Ya sa kalmar sirri mai tsawon igiyar shanya. Na ce ya faɗa mini, ya ce shi zai sa mini a kwamfutar da kansa, ba don bai yarda da ni ba, don dai tsaro ya gaji haka. Ranar Juma'a kuwa duk wanda ya tsaya gaisawa da shi a bakin masallaci sai da ya sha lacca a kan kulle akwati.

Bayan wasu kwanaki na haɗu da Mai Malafa a ɗakin wanki na ƙasa, duk ta yi sanyi. Ta ce intanet ɗinta ta ɗauke. Ta kira kamfani sun ce daga wajensu komai lafiya, kwamfutarta kuma tana tambayar ta wata kalmar sirri da ita ba ta taɓa sawa ba. 'Yarta tana aiki a Jamus, duk Lahadi bayan coci take ganin jikokinta a kwamfuta, yanzu ga shi babu hali. Na ji tausayinta sosai. Da na ba maigida labari ya tafa hannu.

"Kin ji irinta ko? Wani ɗan banza ne ya shige mata. Da ta kulle kamar yadda na yi, da duk wannan bai faru ba."

Abin da ya tona asiri turaren wuta ne. Inna ta ce ɗakin maijego ba ya zama babu turare, garwashi kuwa ba dama, don ranar da ta gwada, ƙararrawar hayaƙi ta tara mana mutanen bene. Sai muka sayo mata kasko na lantarki. Soket ɗin da ya fi mata kusa shi ne na bayan teburin falo. Ta zare abin da ta tarar a ciki, ta soka nata. Ba ta faɗa wa kowa ba, don a ganinta babu abin faɗa.

Wata la'asar ina goge teburin na ga akwatin maigida baƙi ƙirin, ko ɗigon haske babu, filoginsa yashe a ƙasa. A gefe kuwa malam yana ta jan aya a kwamfuta, muryarsa tangaran. Na tambayi Inna tun yaushe ta zare. Ta ce tun ranar da aka sayo kasko.

Maigida ya shigo da ledar dabino, na nuna masa filogin. Ya dubi akwatin, ya dubi kwamfuta, ya dubi bangon da ke tsakaninmu da Mai Malafa. Na ga gumi ya tsattsafo masa, ga na'urar sanyaya ɗaki tana aiki. Ashe akwatinmu da nata kamfani ɗaya ne, suna ɗaya suka zo da shi daga kanti, tun ranar farko kwamfutarmu nata ta kama. Duk danne-dannen nan a cikin akwatin baiwar Allah ya yi su. Ya kulle ta a waje, mu muna ciki. Namu kuwa a buɗe yake wangame har ranar da Inna ta kashe shi.

Na so in riƙe dariya, ta ƙi riƙuwa. "Malam," na ce wa maigida, "ashe mun gano ɗan banzan."

Ya ce a yi shiru, yanzu zai cire kalmar, tsohuwa ta wayi gari ta ga abinta ya dawo, shi ke nan. Nan Amurka ce, ana iya kai mutum kotu a kan abin da bai kai wannan ba.

Inna ta sa na yi mata bayani dalla-dalla. Ta ajiye carbi. Da yake akwai kunyar surukuta tsakaninsu, ba ta dube shi ba, ni ta duba, alhali yana durƙushe a gefenta.

"Ki tambaye shi, karatun da nake ji tun zuwana, da kayan matar nan nake jin sa?"

"Kuskure ne, Inna," ya ce, kansa a ƙasa.

"Ki gaya masa na san kuskure ne. Amma ta sani? Ta ba mu? An hana ta ganin jikokinta ina nan ina rungume da tawa. Bayan Sallah zan hau jirgi, ban san ko zan sake taka ƙasar nan ba. Ba zan tafi da haƙƙin maƙwabciya a wuyana ba."

Nan dariyata ta tsaya. Ta sa na kashe kwamfutar. Da magariba ta yi ruwa kawai ta kurɓa.

Washegari da hantsi muka jera. Inna a gaba da kwanon dambun naman da ta zo da shi daga gida, ni da jaririya, maigida a baya da kwamfuta a hammata kamar wanda za a kai gaban alƙali. Mai Malafa ta buɗe ta ba mu wurin zama, maigida ya fara bayani da wani dogon Turanci mai yawan kwana. Da ta gane inda aka dosa ta dafe ƙirji ta yi ta dariya har da hawaye. Ta ce ba komai, ya gyara kawai. Nan take ya gyara, wannan karon ita ta zaɓi kalmarta, ta kuma sa shi ya juya baya.

Inna ba ta motsa ba. Ta ce in gaya mata dariya daban, yafiya daban, ita da bakinta take so ta ji. Na rasa yadda zan juya wannan, na dai ce a wurinmu abin da ka ci na wani yana binka har gaban Allah, sai in mai shi ya ce ya yafe.

Tsohuwar ta daina dariya. Ta ce ƙaramin jikanta ya fara tafiya a makon da ya wuce, an kira ta a nuna mata ba a same ta ba. Ta ce abin ya yi mata ciwo, ba za ta ɓoye ba. Na fassara wa Inna, ban rage komai ba. Inna ta karɓi jaririyar daga hannuna ta ɗora wa tsohuwar a cinya. Can Mai Malafa ta kama hannun Inna da hannu biyu, ta tambaye ni yadda ake faɗa da yarenmu. Ta faɗa a karkace, amma ta faɗa: "Na yafe."

Inna ba ta sake zuwa Amurka ba. Shekara biyu bayan nan ta rasu a Gusau, ina Silver Spring, ban samu jana'iza ba. Ƙanena ya kira ni ya ce za a yi sanarwa, ko na san wani a nan Amurka da ke da haƙƙi a kanta. Mata sun cika falona ana zaman gaisuwa, a tsakiyarsu ga Mai Malafa zaune a kan kafet, ta cire takalmi a bakin ƙofa, hular a cinyarta. Na dube ta, na ce masa babu kowa, ta gama da nan kafin ta tafi.