Asabar ɗin da Baƙuwata Ta Ƙi Shiga Mota

Ko tsufa zai kwashe min komai, ba zan manta da wata Asabar ba, a shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki. Ina koyarwa a firamare a Gyadi-Gyadi, na kuma daɗe ina rubuta wa hukuma takardu a kan kwatar unguwarmu mai ambaliya duk damina. Sai mata suka zuga ni na fito takarar kansila. Maza kuwa suka sami abin dariya, wai 'yar takarar da ko keke ba ta da shi.

Ana haka ƙungiyarmu ta mata ta yi baƙuwa daga ƙasar waje, wata dattijuwa Bayahudiya, gajera mai furfura, ta zo horar da mata 'yan takara. A kan haƙƙin mata ma'aikatan masaƙa ta fara gwagwarmaya, aka kulle ta sau biyu, daga baya ta shiga majalisar ƙasarsu. Da ta ce za ta ziyarce ni ran Asabar, na ce yauwa, ga ranar fita kunya. Na aro marsandin ƙanin maigidana aka wanke ta tas, nufina in ɗauko Baturiya daga masaukinta a Tarauni mu ratsa unguwa a hankali, masu dariya su sha kallo.

Muna isa ni da direba, ta dubi motar ta yi murmushi. "Ki yi haƙuri, 'yata," ta ce da Turanci, "a addininmu ba ma shiga mota ran Asabar." Wallahi kamar in fashe da kuka. Direba ya ce, "Hajiya, ko in riƙa bin ku a baya?" Na harare shi na ce ya tafi abinsa.

Haka muka kamo hanya a ƙafa, ni da leshi da takalmi mai tsini, rana na dukanmu. Ita ko a jikinta, duk ƙofar da ta ga mace sai ta tsaya ta ce "sannu", iyakar Hausarta ke nan, sauran kuma ni ce tafinta. Wata tsohuwa mai ƙosai ta ce min, "'Yar nan, ashe kina taka ƙasa? Zo ki ga aikin kwatar taku." Ta ja mu har ɗakinta, bango ya tsage, katifa a kan bulo. Kunya ta kama ni. Shekara nawa ina rubutu a kan kwatar nan, ban taɓa shiga ɗakin da ta ci ba.

Wannan gida ya miƙa mu ga wancan, tafiyar rabin awa ta kai mu la'asar, takalmina a hannu. Baƙuwar ta jira ni na yi salla, sannan ta ce ita ma a zaɓenta na farko an yi ta mata dariya, wai tana asarar kowace Asabar, alhali ranar ce take samun mutane a ƙofar gidajensu.

Na ci zaɓen da ƙyar. A layin jefa ƙuri'a tsohuwar nan ta riƙo hannuna ta ce, "Ba don Baturiya na zo ba, don kin shigo ɗakina ne." Tun daga ranar na gane cewa wanda yake son jama'a su fito dominsa, sai ya fara shiga inda suke kwana.