Ragayar Kaka a Jikin Wayar Lantarki

Har yau in na ji ƙaurin roba sai gabana ya faɗi, daga baya kuma in kama dariya ni kaɗai. Ɗakin kakata nake tunawa, a gidanmu na Haɗeja, saura kaɗan Turawa su tafi.

A ɗakin nake kwana tun da aka yaye ni. Rufin azara ne da zana, an daɓe samansa da ƙasa. Tsakanin azarorin Kaka take soke dammunan irin shinkafarmu, sai kogi ya kusa kawowa a sauko da su a kai fadama. Iri ne mai dogon kara wanda ruwa ba ya shanye kansa, tun na marigayi mijinta, ba a samunsa a kasuwa. In ya salwanta, to shekarar nan sai dai mu yi kallon gonakin mutane.

Maƙwabcinmu, wani mai sayen gyaɗa, ya kawo injin wuta daga Kano, yana tayar da shi daga magariba zuwa isha'i. Don zumunci ya ce a ja mana waya ɗaya, kuma akwai mai aikin lantarki a tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori, a kira shi. Baba ya ce haba! Shi tela ne, shi ke gyara kekensa na ɗinki, shi ke gyara agogon masallaci, bai taɓa yarda akwai abin da ya fi ƙarfin hannunsa ba. Ya ce ɗakin tsohuwarsa za a fara sa wa, tunda idonta ya soma rauni. Ya kifa turmi ya hau, ya murɗe bakin wayoyi, ya naɗe mahaɗar da ƙyallen atamfa, ya cusa ta a azara dab da dammunan iri.

Kai, ranar da ƙwan lantarkin ya kama mun yi murna! Kaka ta dube ni ta ce, "Ashe haka kike da muni, 'yar nan?" Na ce ai gado na yi. Ta zauna tana tsintar tsakuwa a shinkafa ba ta ko lalube.

To, wayar zamanin ba irin ta yau ba ce. Rigar zare gare ta a kan roba, a tufke, sak igiya. Ita kuwa Kaka a saninta duk igiyar da ta sauko daga rufi ta rataya ce. Wata rana da hantsi ta ga sabuwar igiya tana reto a banza, ga ɓeraye sun dame ta. Ta ɗaura ragayarta a jiki, ta ɗora ƙwaryar man shanu, ta kama harkarta.

Da magariba injin ya tashi. Na ji wani tas-tas a sama, tartsatsi ya zubo, ƙauri ya cika ɗaki. Nauyin ƙwaryar ya ja mahaɗar, ƙyallen ya kama, dami ɗaya ya soma ci. Na ƙwalla ihu. Kaka ta rarumi buta, Baba ya faɗo yana cewa, "Kada ki zuba, Iya!" Ya ce mahaifiyata ta ruga gidan maƙwabcin a kashe injin, shi kuwa ya hau turmin nan ya riƙa fizgo dammunan da hannunsa yana jefawa tsakar gida. Ɗaya ne ya ƙone. Tafin Baba ya saɓule, ya daɗe bai riƙe almakashi ba.

Washegari da hannu a naɗe ya tafi da kansa ya ɗauko mutumin tasha. Mutumin ya raba wayar da dammunan, ya rufe mahaɗar cikin ɗan akwati, ya ɗaure komai daram. Kaka tana gefe, kunya ta ishe ta. Sai ya tambaye ta, "Iya, ina kike so ragayar ta zauna?" Ta nuna. Ya kafa mata ƙugiyar ƙarfe a azarar kusa da ƙofa, ya rataya ƙwaryar da kansa. A damina muka shuka irin, ya yi kyau har muka ba maƙwabcin nan.

Yanzu ɗakin ya rushe, rufin kwano da silin ne ko'ina, ba mai soke iri a sama. Jikokina akwai masu halin Baba, da ƙwai ya ƙi kamawa sun jawo kujera. Nakan ce canza ƙwai naku ne, amma in ta kai ga taɓa waya a kira mai aikin. In ya zo ya gama, sai in sa ya kafa mini ƙugiya kusa da ƙofa. Suna ta yi mini tsiya wai me zan rataya. Ba ni da man shanu, ba ni da ragaya. Amma ba na iya kwana a ɗakin da babu wurin da Kaka za ta rataya ƙwaryarta.