Tarkacen da Autata Ke Bi a Sama

Autata, wadda tun tana ƙarama sai na ɗaga murya take taɓa tsintsiya, ita ce ta dawo Karaye daga jami'a da labarin ta samu aiki a ƙasar waje, aikin bin diddigin tarkacen sararin samaniya. Raina ya ɓaci. Duk wahalar da na sha a kan karatunta, a bola zai ƙare? Na ce ban yarda ba. Ita kuma ta ce ba inda za ta sai na sa mata albarka, alhali ranar tafiya ta matso.

Ana cikin haka muka je Zoza duba yayata. Bayan magariba muna tsakar gida, yarinyar ta duba wayarta ta ce, "Umma, kalli saman ɗorawar nan. Yanzu wani zai fito."

Na kalla don kawai in ƙaryata ta. Sai ga ɗan haske ya ɓullo daidai inda ta nuna, yana tafiya shiru, ba ƙara, ba ƙyaftawa. Yayata ta ajiye ƙwaryar nono tana salati.

"Tauraron ɗan'adam ne," in ji autar. "Hanyarsa cike take da matattun 'yan'uwansa, da notina, har da ɓarɓashin fenti, duk suna gudun da ya fi na harsashi. Mu za mu riƙa faɗa masa inda kowanne yake, shi kuma ya kauce da kansa."

"Ba direba?"

"Babu, Umma."

"In kuka yi kuskure fa?"

"Ya tarwatse, tarkacen ya ƙaru, na bayansa su shiga uku."

Ni da na san yadda babur biyu ke karo a ranar kasuwa, ido na ganin ido, sai na gane aikin ba wasa ba ne. Na ji tsoro, na ji girman Allah da ya shimfiɗa wannan fili, na kuma ji kunyar kiran abin bola. Hasken ya ratsa ta kanmu lafiya lau, ya ɓace wajen Rogo.

Na kama hannunta na ce, "Je ki. Allah ya yi miki albarka."

Yanzu ɗakinta a rufe yake, ni nake share shi. In na idar da magariba nakan daɗe a kan darduma ina kallon sama, duk tauraron da ya gifta in ce masa Allah ya kiyaye hanya.