Rufin idon da aka ɗauka laya ce

Shekarun baya, lokacin da autata za ta cika shekara bakwai, na yi wani aiki da ya kusa raba ta da ƙawayenta gaba ɗaya.

Ni baduku ne, a Kusfa cikin Zariya aka haife ni, a nan nake har gobe. Boko ban wuce aji uku ba, wannan rubutun ma lallaɓa shi nake yi. Takalmi, jaka, kube da rufin laya, su ne aikina tun tasowata. A gidanmu kuwa ba a san wani bazde ba, wato bikin zagayowar ranar haihuwa. An haife ka, an yanka rago, shi ke nan.

Ƙanwata ce ta jawo. Malamar makaranta ce, tana aure a Tukur-Tukur, a wayarta yarinyar ta ga katun na 'yan fashin teku, ta haukace a kansu. Ranar nan ta same ni a rumfa ta ce, "Yaya, bikin 'yan fashin teku 'yarka take so."

Na ce, "Fashi? A gidana? Kuma wane teku ne a Zariya?"

Ta ce, "Kai dai Yaya ba ka waye ba. Wasan yara ne. Kek da zoɓo nawa ne. Amma ana ba kowane yaro ɗan abin da zai tafi da shi gida, wannan naka ne."

Ta nuna mini hoto: wani mai gemu, ya rufe ido ɗaya da baƙin abu mai igiya. Shi take so in yi guda goma sha biyu, wai ko da kwali ne. Na ce ni ba na aikin kwali, ubana bai koya mini ba.

Na samo baƙar fata mai laushi. Na ga falle ɗaya zai goge wa yara ido, sai na ninka biyu, na cusa auduga a tsakiya, na bi gefe da basilla na ɗinke ruf, na sa igiyar fata. Kwana biyu ina yi ina tsaki, bayana kamar zai ɓalle. Da na jera su a tabarma na ji daɗi, don sun yi kyau. Ko kaɗan ban lura da abin da suka yi kama da shi ba, ni da nake ɗinka irinsa kullum.

Biki ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Yara sun cika tsakar gida da takubban kwali da ƙanwata ta yanka, suna ihu, sun mai da turmin matata jirgin ruwa. Autata ta ɗaura nata a ido tana ba da oda. Da yamma aka ba kowa leda da alawa da biskit da rufin idonsa, suka watse.

Ashe a hanya sun gaji da tafiya da ido ɗaya, duk suka zame shi zuwa wuya. Haka suka shiga gidajensu, kowa da baƙar fata ɗinkakkiya tana reto a ƙirji, kuma daga gidan baduku.

Washegari ba yaron da ya leƙo. Kwana na biyu ma haka. Na dawo cin abincin rana na tarar da yarinyar a zaure ita kaɗai, takobinta a cinya. Na ce ina ƙawayen? Ta ce, "Baba, Mamansu ta ce kar su ƙara shiga gidanmu." Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kukan ma da ya fi mini sauƙi.

Matata ce ta jiyo sauran labarin. Wai na raba wa 'ya'yan mutane layu ba da sanin iyayensu ba. Wata ta jefa na ɗanta a murhu. Wata kuma 'yarta ta tashi da zazzaɓi, an ce ga dalili.

Bayan la'asar maƙwabcina ya kira ni majalisa. Malami ne, dattijo, tare muke sallah shekara da shekaru. Ya kwance hankici, ga guda uku a ciki, ko taɓa su da hannu ba ya yi.

Ya ce, "Malam, don Allah me ka rubuta a ciki?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, rubutu ai aikinku ne, ni rufi kawai nake yi."

Ba wanda ya yi dariya. Na ciro reza na farke ɗaya a gabansu, auduga ta fito fara tas. Wani ya ce, "To audugar ta mece ce?" Na ce don kar fata ta goge musu ido. Ya ce, "Wane ido? Mu a wuya muka gani."

Sai a lokacin na gane. Na dubi abin da ke hannuna, wallahi da ɗana ne ya shigo da shi a wuya ni ma sai na tambaya. Ni ban iya dogon zance ba. Kawai na ɗauki ɗaya, na tura hula baya, na ɗaura a idona. Malam ya kalle ni, ya kalle ni, ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗarsa tana rawa. Majalisa ta fashe.

Da ya samu numfashi ya ce, "Mu mun gamsu. Amma ba mu muka hana yaran ba, iyayensu mata ne."

Ni kuwa ba zan shiga gidan mutane ba. Na je na riƙo hannun autata, ita da nata ni da nawa, muka bi ƙofa ƙofa. In yi sallama, in ce a gaya wa masu gida su leƙo su ga yadda ake sa shi. Sai in ji ƙus-ƙus a bayan ƙyaure, sai dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Kai baduku, da girmanka!" Na ce, "Inna, da girmana." A lungu na uku na zurma ƙafa a kwata, don ido ɗaya ba ya gane nisa. Ban cire ba. Kafin mu gama zagaye yara sun biyo mu, masu rufin ido da waɗanda aka ƙona nasu, autata ta saki hannuna ta wuce gaba tana ba su oda. Haka muka shigo gida, ni a ƙarshen layi da takalmi ɗaya jiƙe.

Abin da na koya ba shi da yawa. Hannu abin da ya saba shi yake yi, ko me ka ce masa ya yi. Kuma ban riƙe iyayen nan a zuci ba, 'ya'yansu suke tsaro. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, da can ina ganin damuwar yaro ba damuwa ba ce, tunda ba ya neman na cefane. Kwana biyun nan suka gyara mini tunani.

Yarinyar yanzu ta kusa gama sakandare, in na tayar da zancen sai ta ce, "Baba don Allah ka bari." Ni dai ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ina da furfura a gemu ina yawo a unguwarmu kamar mahaukaci. Amma da za a sake, gobe ma zan ɗaura.