Ƙararrawar da ke Bayan Ganga

A layin masu gyaran mota, tsakanin mai faci da mai fenti, akwai wani ɗan shago wanda mutum biyu ba sa tsayawa a ciki sai ɗaya ya karkace. Nan ne wurin Mai Kunne. Sana'arsa haɗa rediyo da sifiku a mota, kuma tun yana da baƙin gashi ake kiransa da sunan nan, har matarsa ma in tana jin tsokana.

Taurin kansa a kan aiki kuwa ba a magana. Saurayi zai zo yana neman babbar sifikar da ake sawa a but, can bayan mota, irin wadda ke sa lambar mota rawa, sai Mai Kunne ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, kiɗa kake so ko girgizar ƙasa?" In ya ce girgizar yake so, sai ya nuna masa shagon gaba ya ci gaba da feƙe wayarsa.

Yana da wani tsohon kiɗa guda ɗaya da yake gwaji da shi. Babu waƙa a ciki, ganga ce da sarewa, sai wata 'yar ƙararrawa can baya da ke bugawa jefi-jefi. Daga kaset ya mayar da shi faifai, daga faifai ya koma memori. In ya gama ɗaura wayoyi, sai ya shiga kujerar direba, ya ɗaga gilasai, ya lumshe ido. Idan ƙararrawar ta fito tas, sai ya ce, "Aiki ya yi." Idan ba ta fito ba, ko mai mota zai yi ta faɗa har yamma, sai ya sake kwance ƙofar motar ya duba sifikun.

A bayan shagon akwai tasa motar, tsohuwa, ruwan ƙasa, tana tashi in an lallaɓa ta. A kanta duk mafarkinsa yake. Tun suna da ƙuruciya ya yi wa matarsa alkawari, ita tela ce a gida, cewa ranar da ya gama haɗa sautin motar nan zai ɗauke ta su bi wata doguwar hanya, inda babu hon babu hayaƙi, bishiyoyi na wucewa a hankali, sarewa na tafe da su kamar mai rakiya. Yakan ga hanyar nan ko yana tsugune da filaya a hannu, har inuwar ganye yakan gani tana gilmawa a fuskarta. Matsalar ita ce da zarar ya sa sifika mai kyau a motar, sai wani mai gaggawa ya zo, shi kuma ba ya iya sallamar mutum da abu mara kyau, sai ya kwance tasa ya sa masa.

"Malam, motar nan taka ta shayar da motocin gari kaf," in ji matar, "ita kuma ko tari ba ta yi."

Da yara suka girma suka kama gabansu, ya rantse wannan karon babu abin da zai sake fita. Ya zaɓi rediyo mara tarkacen fitilu. Ya shimfiɗa roba a cikin ƙofofi don kada ƙarfe ya yi ƙara. Ya ɓoye amfilifaya mai ƙara wa sauti ƙarfi a ƙarƙashin kujera, ya kafa ƙananan sifikun nan masu fitar da siririn sauti a kusurwoyin gilashin gaba, yana juya su a hankali kamar mai gyara wa jariri kwanciya. Sannan ya shiga, ya ɗaga gilasai, ya lumshe ido.

Ganga ta zo da nauyinta. Sarewa ta biyo. Ƙararrawa shiru.

Ya canza ƙananan sifikun. Ya canza waya. Ya zagi masu ƙera kayan zamani iya son ransa, ya ce duk kwali ne da fenti. Ana cikin haka wani direban tasi ya kawo mota. Mai Kunne ya gama haɗa masa, suka zauna tare a ciki ya sa kiɗan, yana shirin cewa da saura, sai direban ya yi murmushi.

"Kai, Baba, 'yar ƙararrawar nan fa daɗi gare ta. Kamar a nan gefen kunnena take."

Shi kuwa Mai Kunne bai ji ta ba. Ya sallami direban, ya koma bayan shago ya shige motarsa ya rufe. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske. Sifikun nan lafiyarsu ƙalau, kunnen da ya ci abinci da shi duk rayuwarsa ne ya fara ja da baya. Da me zai gwada aikin gobe? Kuma ga mota ya gama haɗawa, ya rasa bakin da zai ce ta yi.

Da la'asar matarsa ta kawo masa abinci, ta same shi a haka. Ta buɗe ƙofa ta zauna a gefensa, ta ajiye kwanon a cinya.

"Sa mini in ji," ta ce.

"Ba ta yi ba tukuna."

"Malam." Ta juyo da fuskarta sosai yadda zai ga bakinta. "Tun bara almakashina ke faɗuwa a bayanka ba ka waiwaya. Da can allura ma in ta faɗi sai ka ce min ga inda take. Kana tsammanin ban sani ba? Sa mini."

Kunya ta rufe shi, amma ya kunna. Ganga ta cika motar, sarewa ta taso. Ta miƙa hannu ta ɗora a bayan nasa, hannun nan da allura ta sassoke. Can sai ta taɓa shi da yatsa, sau ɗaya. Ya san wurin. Daidai nan ƙararrawar take, bayan ganga ta sauka. Ta sake taɓawa, ta sake, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Ya lumshe ido, hawaye na bin gemunsa, ga hanyar nan ta buɗe a gabansa da bishiyoyinta.

"Ta fito tas?" ya tambaya.

"Tas. Kamar in miƙa hannu in kama ta."

Ya buɗe ido. Sannan ya ce, "Aiki ya yi."

"To, sai me kake jira? Na gaji da jin labarin hanyar nan a baki."

Ya murɗa makulli. Motar ta yi gardama kaɗan, sannan ta tashi. Suka fita ta gaban mai faci, yana tuƙi da hannu ɗaya, don ɗayan yana wurinta.